Takunkumin Haske: Wane Launi, a Kan Wace Fata?

Kalmar "haske" ce ta fara rikita lamarin tun kafin a kai ga na'urar kanta. A bakinmu, idan aka ce mace ta yi haske, ana nufin fatarta ta washe ko ta ƙara fari, kuma a kan wannan ma'ana kasuwar mayukan shafawa ta ginu tun daga Wuse har Nyanya. Saboda haka da takunkumin fuska mai ƙananan fitilu ya fara bayyana a shagunan kayan kwalliya na Abuja da shafukan masu talla a Instagram da TikTok, aka kuma ce yana gyara fata da haske, mutane da yawa sun ɗauka hasken da ke fitowa daga cikinsa shi ne zai koma hasken fuska. Ƙanwata da ake shirin bikinta ta zo mini da nata a kwali tana cewa, "Yaya, an ce mako biyu ya isa in yi haske kafin ranar kamu." Sai da na zaunar da ita na gaya mata cewa na'urar ba ta san wannan aiki ba, kuma idan ta danna maɓallin da bai dace da fatarta ba, garin neman ƙiba za ta iya samo rama.

Duk da haka, abin ba yaudara ce zalla ba. Magani da haske ya girmi duk mai karanta wannan rubutu. A 1903 aka ba wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, lambar yabo ta Nobel saboda yadda ya tattara haske wuri guda ya warkar da nau'in cutar tarin fuka da ke kama fata har ta cinye fuska. A 1967 kuma wani likita a birnin Budapest na ƙasar Hungari, Endre Mester, ya haska leza marar ƙarfi a bayan ɓerayen da aka aske, yana son ya ga ko za ta jawo musu ciwon daji, sai ya tarar gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga nan masana suka soma tunanin cewa haske marar zafi yana iya zaburar da ƙwayoyin halittar jiki ba tare da ya ƙona su ba. A shekarun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki nauyin gwajin fitilun LED, irin waɗanda ke cikin takunkumin, don raya tsirrai a sama, daga baya aka gwada su a kan raunuka. Masu talla suna son ambaton sunan NASA ƙwarai, amma iyakar abin da ta yi shi ne tallafa wa bincike; ba ita ta ƙera takunkumin da ke kan kantar wani shago ba, ba ta kuma sa masa hannu ba.

Launin da ke fitowa daga takunkumin shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba ita ce ke raba launi da launi. Ana auna wannan tazara da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin kimanin 400 da 700, jerin launukan bakan gizo ke nan daga shunayya zuwa ja. Ƙasa da 400 akwai hasken ultrabayolet na rana, mai ƙona fata da tsufar da ita, wanda takunkumi na ƙwarai ba ya fitarwa. Sama da 700 akwai infirared, wanda ido ba ya gani. Lambobi uku ne suka fi yawo a binciken likitocin fata: shuɗi wajen 415, ja tsakanin 630 da 660, sai infirared na kusa wajen 830. Gwargwadon tsawon tazarar, gwargwadon zurfin da hasken ke kaiwa. Shuɗi yana tsayawa a sama-sama, ja yana ratsawa zuwa ƙasan fata inda ƙananan jijiyoyin jini da kolajin, zaren da ke riƙe fata, suke, infirared kuwa ya fi su nutsewa. Wanda ya ga wasu ƙwayayen fitila kamar a mace alhali na'urar tana kunne, kada ya yi saurin mayar da ita ga mai shago, wataƙila na infirared ne.

Aikin shuɗi ya fi sauƙin bayani. A cikin ramukan gashin fuska akwai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes da ke rayuwa a kan maiƙon da fata ke fitarwa, kuma tana da hannu a kumburin ƙurajen da matasa ke kira fimfus. Wannan bakteriya tana samar da wasu sinadarai da ake kira fofirin, waɗanda ke zuƙe haske mai tazarar kusan 415, kuma da zarar sun zuƙe shi sai su saki wani nau'in oksijin mai ɓarna da ke hallaka ta daga cikinta. A shekarar 2000 an wallafa wani gwaji da aka yi a Landan a kan mutum 107 masu ƙurajen da ba su yi tsanani ba, inda waɗanda aka haska wa shuɗi da ja tare, minti 15 kullum har mako 12, suka samu raguwar ƙuraje masu kumburi da kusan kashi 76 cikin ɗari. Sakamako ne mai kyau, sai dai bakteriya dutse ɗaya ce a murhun ƙuraje. Sauran duwatsun su ne yawan maiƙo, wanda sinadaran jiki na balaga da al'ada ke juyawa, da toshewar ramin gashi da matacciyar fata. Haske ba ya buɗe ramin da ya toshe, ba ya kuma kaiwa ga manyan ƙuraje masu tauri da ke can ƙasa, waɗanda su ne ke barin rami a fuska. Da cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 71 da suka shafi mutum 4,211 a 2016, abin da ta gano shi ne babu hujja mai ƙarfi da za a ce maganin ƙuraje da haske ya tsaya da ƙafarsa, saboda yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne kuma kowanne da salonsa. Har yanzu magungunan shafawa irin su benzoyl peroxide da dangin retinoyid ne likitocin fata ke sa wa a gaba. Ga maza kuwa, ƙurajen aski da ke fitowa a haɓa da ƙeya gashi ne da ya lanƙwashe ya koma cikin fata, don haka gyaransu yana wurin wanzami da yadda yake aski.

Ja da infirared ba kisa suke yi ba, zaburarwa suke yi. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne janaretan da ke ba ta wuta. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa wani sinadari a cikin waɗannan sassa yana zuƙe jan haske, sai samar da makamashi ya ƙaru, kumburi ya lafa, ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su ƙara himma. Kolajin shi ne zaren da ke riƙe fata ta yi ɗamas, kuma raguwarsa ce ke kawo tattarewar fata idan shekaru suka ja. Wani gwaji da aka wallafa a 2007 daga Koriya ta Kudu ya haska wa mutum 76 rabin fuska kawai, da 633 ko 830 ko duka biyun, ya bar ɗaya rabin don kwatantawa, kuma an auna raguwar ƙananan layukan fuska a ɓangaren da aka haska. A nan ne na fi yarda da na'urar, amma da sharaɗi: sauyin ɗan kaɗan ne, irin wanda mai shi za ta lura da shi a madubi kafin maƙwabciya ta lura, yana zuwa ne bayan makonni, kuma yana dusashewa idan aka daina. Ya kamata a kuma tuna cewa da yawa daga irin waɗannan gwaje-gwaje da manyan na'urorin asibiti aka yi su, wasu kuma kamfanonin da ke sayar da na'urorin ne suka biya kuɗinsu.

Wannan ya kawo mu ga maganar awo, wadda masu talla ba su cika taɓawa ba. Haske kamar magani ne, yana da adadin da ake buƙata. Ana lissafa shi ta hanyar ninka ƙarfin fitila da tsawon lokaci: takunkumin da ke ba da miliwat 30 a kan kowane murabba'in santimita, idan aka sa shi minti 10, wato daƙiƙa 600, ya ba fata jul 18 (jul shi ne ma'aunin adadin hasken). Wanda ƙarfinsa miliwat 2 ne kacal sai ya yi minti 150 a fuska kafin ya kai wannan adadi, alhali a ido dukansu ja ne. Shi ya sa kwalin da bai rubuta lambar nanomita da ƙarfin fitila ba, ya ɓoye ainihin abin da ake saye. Fitattun samfura a ƙasashen waje sukan kai dala 300 zuwa 500, yayin da ake samun masu launi bakwai a kuɗin da bai kai na atamfa mai kyau ba. Tsada ba ta tabbatar da inganci, amma araha ba ta ado, kuma kore da rawaya da shunayya da ake jerawa a kwali hujjarsu ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da ja da shuɗi. A ɗaya ɓangaren, ƙari ba ya ƙara amfani. An daɗe da lura cewa idan hasken ya wuce wani mizani, zaburarwar takan tsaya ko ta juye, don haka mai barin takunkumi a fuska sa'a guda don ta gaggauta sakamako ba abin da take gaggautawa sai zafi da bushewa.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu. Likitoci suna amfani da wani ma'auni da Thomas Fitzpatrick ya soma a 1975, wanda a yau ya kasa fata gida shida daga mafi fari zuwa mafi duhu. Yawancinmu muna gida na biyar da na shida, waɗanda muke kira farare a cikinmu ma ba su cika sauka ƙasa da na huɗu ba. An daɗe ana ɗauka cewa ultrabayolet kaɗai ke sa fata duhu. A 2010 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Ditiroyit a Amurka suka nuna cewa hasken da ido ke gani ma yana sa fatar gida na huɗu zuwa na shida duhu, duhun da ya fi na ultrabayolet mai dogon zango kauri da daɗewa, alhali bai yi wa farar fata ta gida na biyu komai ba. A 2014 wasu masu bincike a birnin Nis na Faransa suka raba launukan, suka tarar shuɗi mai 415 ne ke jawo duhun, har ya kai wata uku bai gushe ba, ja mai 630 kuwa bai jawo ba. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launinta, suna da wani abin jin haske mai suna opsin-3 wanda shuɗin haske ke tayarwa. Ma'ana, lambar nan 415 da ke kashe bakteriyar ƙuraje ita ce dai lambar da ke umartar fatarmu ta ƙara baƙi.

Adalci shi ne a faɗi cewa adadin hasken da aka yi amfani da shi a waɗannan gwaje-gwaje yakan fi abin da takunkumin gida ke bayarwa a zama ɗaya, kuma ranar tsaka ta Abuja ita ma tana zuba wa fuska shuɗin haske mai yawa. Ba kowace mai baƙar fata ce za ta ga duhu ba. Amma a duba mene ne kukan yawancin matanmu. Ƙurji yakan zo ya tafi cikin mako guda, baƙin tabon da ya bari shi ke zama wata shida, domin fatarmu tana amsa kowane kumburi da ƙarin melanin. Ga kuma melasma, baƙin nan mai faɗi da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi da saman leɓe, wanda goyon ciki da ƙwayoyin tazarar haihuwa kan tayar, kuma haske da zafi ke ruruta shi. Macen da damuwarta tabo ce ko melasma, a ganina ba ta da dalilin kunna shuɗi, kuma mai melasma ko jan ma ya kamata ta ji ta bakin likitan fata tukuna, saboda ɗumin da ke taruwa a ƙarƙashin roba mai manne wa fuska. Jan hasken ma yana da iyaka a kanmu: wani gwaji na Amurka da aka wallafa a 2020 ya sami cewa fata mai duhu ta jure har jul 320 a kan kowane murabba'in santimita, farar fata kuma har 480. Duka lambobin sun zarce abin da takunkumin gida ke bayarwa nesa ba kusa ba, amma sun nuna cewa melanin yana zuƙe haske ya mayar da shi zafi, kuma umarnin da aka rubuta bisa gwajin Turawa ba lallai ya zauna daidai a kanmu ba.

Akwai kuma tambayar abin da ke kan fatar tun kafin haske ya sauka. Mayukan bilicin da ake haɗawa a robobi marasa suna sukan ƙunshi haidrokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol, wani lokaci har da makuri, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, yana kuma haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kama da juna, waɗanda shuɗin haske ba zai taɓa ba tunda tushensu yana cikin robar man. Daɗewa a kan haidrokwinon kuwa yana iya barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu mai wuyar fita. Mai wannan hali likita take buƙata, wanda zai janye mata man a hankali, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yakan sa fuska ta yi bore. Haka nan magungunan sha. Doxycycline, wanda ake saye a kemis ba wuya kuma ake ba masu ƙurajen kansu, yana cikin magungunan da ke sa fata ta kasa jure haske, haka isotretinoin da wasu magungunan hawan jini da na zuciya. Masu ƙera na'urorin da kansu sukan rubuta cewa mai shan irin waɗannan, da mai cutar lupus, da mai farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa, da mai juna biyu, kada su sa sai da izinin likita. Ƙyasbi da makero kuma naman gwari ne ke kawo su, maganinsu daban ne.

Ido ma ba abin wasa ba ne, kada garin neman gira a rasa shi. A 2019 kamfanin Neutrogena ya janye takunkuminsa na ƙuraje daga kasuwa, yana mai cewa akwai yiwuwar illa ga idon masu wasu cututtukan ido da masu shan magungunan da ke sa ido kasa jure haske. Idan babban kamfani ya yi haka, wanda ba a san maƙerinsa ba ya fi cancantar a yi taka-tsantsan da shi. A sa abin kāre ido da ya zo a kwalin, a rufe ido, a bar latsa waya har a gama. Rubutun "FDA cleared" da ake gani a wasu kwalaye yana nufin hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda na'urar ta yi kama da wata da ke kasuwa ta fuskar aminci da aiki, wanda bai kai matsayin cikakken gwajin da ake yi wa sabon magani ba. "FDA registered" kuwa rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. A nan gida kayan aikin lafiya suna ƙarƙashin NAFDAC ne, don haka tambayar mai shago lambar rajista ba rashin kunya ba ne.

Ga wadda ta tsallake duk waɗannan shingaye ta sayi mai ja da infirared, tsarin ba shi da wuya. Ta fara gwadawa a cikin hannunta ta jira kwana ɗaya ta ga ko wurin zai yi ja ko ƙaiƙayi. Bayan isha'i ya fi dacewa: ta wanke fuska da sabulu mai laushi, ta bushe ta, ba hoda ba mai, domin duk abin da aka shafa yana tare hasken. Yawancin na'urori minti 10 ne, sau uku zuwa biyar a mako, kuma abin da takardar cikin kwalin ta ce shi ne iyaka. Bayan an cire sai a shafa mai, a hunturu a ƙara masa kauri, ko da man kaɗanya ne ga wadda ba ya toshe mata fuska. Mai amfani da retinoyid ta shafa shi bayan takunkumi, ko ta raba musu dare idan fatar na yi mata raɗaɗi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke neman digiri 40, zufa takan taru a cikin robar, don haka a goge ta bayan kowane amfani, kuma kada ta zama ta gidan kowa, yau a fuskar wannan gobe a ta waccan. Da safe kuwa man kāre rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama wajibi ne, kuma mai ɗan launin ƙasa wanda ke ɗauke da sinadarin ayon oksaid ya fi, saboda shi ne ke tare hasken da ido ke gani, wanda farin man ba ya tarewa sosai. Lema da inuwar mayafi suna taimakawa. Wadda ta sa takunkumi da dare, ta wuni a ranar kasuwar Wuse da fuska a buɗe, abin da ta tara da dare rana ta kwashe. A ɗauki hoto a bakin taga ɗaya, a lokaci ɗaya, duk bayan mako huɗu; idan mako 12 ya cika ba bambanci, ko tabo ya ƙara duhu tun kafin nan, a ajiye. Akwai likitocin fata a Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, kuma kuɗin ganinsu bai kai na takunkumi mai kyau ba.

Da muka juya kwalin ƙanwata, launi bakwai muka gani a jere da hoton wata Baturiya, babu lambar nanomita ko ɗaya, babu ƙarfin fitila, babu sunan maƙeri. Ga shi an riga an sa mata ranar fara dilka da halawa, waɗanda su kaɗai sun isa su bar fata a buɗe tana jin komai, kuma mako biyu kafin biki ba lokacin gwada sabon abu a fuskar amarya ba ne. Abin da ke damunta ma tabo ne guda huɗu a kumatu. Ta kai su wurin likitan fata, ya rubuta mata man shafawa na dare da man kāre rana mai launi, ya ce ta dawo bayan wata biyu. Takunkumin yana nan a kwalinsa a saman wadirob ɗina, ta ce in ajiye mata har ta tare.